Gidan da Ba a Yin Ta'aziyya

Matso kusa, mai karatu, ara mini kunnenka, don maganar tawa ba ta ɗaga murya ba ce. Yau shekara shida ke nan da rasuwar maƙwabciyata kuma aminiyata, Sista Rifkatu ta unguwar Limawa a nan Jimeta. Ni ba gwanar rubutu ba ce, karatuna bai wuce firamare ba, duk rayuwata tsakanin murhu da igiyar shanya na yi ta. Amma kowace shekara in watan nan ya kama sai maganarta ta tokare mini ƙirji, bana kuwa na ce sai na sauke ta.

Rifkatu 'yar Numan ce, Kirista, ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun kama gabansu a manyan garuruwa, aka bar ta ita kaɗai a gida mai ɗakuna da yawa da mangwaro a tsakiya. Hausarta irin ta mutanen bakin Binuwai ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. In na yi mata dariya sai ta ce, "Maman Bello, kin gane ko ba ki gane ba?"

Shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka ci garuruwan arewacin jiharmu, mutane suka yi ta kwararowa Yola, yawancinsu a ƙafa. Wanda ya ga lokacin ba ya buƙatar in ba shi labari. Kowane gida ya cika, namu har ba wurin shimfiɗa tabarmar salla. Muka yi ta cigiyar Goggo Aisatu, ƙanwar babana, wadda aure ya kai ta wani ƙauye bayan Mubi tun ina yarinya. A sansanin Malkohi muka same ta, zaune a gindin bishiya da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗanta tilo, Hammadu, shi ya goyo ta ya fitar da ita daga gari, ya damƙa ta ga maƙwabta, ya koma ɗauko iyalinsa. Bai dawo ba. Waɗanda suka biyo baya ne suka binne shi a gefen hanya. Dama gigin tsufa ya soma taɓa Goggo, gudun nan sai ya ƙarasa abin da ya rage.

Na kawo ta gidana, kuma Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina. Amma da an juya baya ta zare sakata ta kama hanya, wai za ta gida. Ta taɓa hura wuta a cikin ɗaki. Wata rana wani mai keke ne ya tsinto ta can kusa da gada, ya yi ta zagaya unguwanni da ita har Allah ya haɗa shi da wanda ya san mu. A lokacin Rifkatu ta riga ta kwaso waɗansu tsofaffi daga sansanin, waɗanda hankalinsu ya ruɗe ba su da kowa, ta mai da gidanta gidan kula da su. Ran da aka dawo da Goggo, Rifkatu ta leƙo ta kan katanga ta same ni ina kuka a kan turmi, ta ce, "Kawo shi nan. In ba haka ba ke za ki riga shi mutuwa."

Na kai ta. Unguwa ta ɗauka, wai na jefar da goggona a gidan tsofaffi, gidan 'yar coci ma kuwa. Na ji, na haɗiye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zaman gidan ba wani abin mamaki ba ne, aiki ne kawai da ba ya ƙarewa. Da safe wanka, ɗaya bayan ɗaya, wani da lallashi wani da kokawa. Sai kunun gyaɗa. Sai a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro kafin zafin Yola ya buɗe baki. Wankin zannuwan fitsari kuwa ba a ma maganarsa, igiya ba ta taɓa hutawa. Rifkatu ba ta yarda hannun tsoho ya zauna haka nan. Akwai Baba Luka, tsohon masunci, ta samo masa yagaggiyar koma, kullum yana gyaranta, ba ta taɓa gyaruwa ba, shi kuma bai taɓa gajiya ba. Goggo aka ba ta tsinkar zogale da ɓarar gyaɗa. In ta yi azahar ta manta ta sake neman buta, Rifkatu ta miƙa mata, ta juya mata tabarma ta kalli alƙibla, ba ta taɓa ce mata ai kin yi ba.

Abin da ya kusa kashe Goggo ba yunwa ba ce, ba kuma rashin kulawa ba. Ladabinmu ne. Mu a nan ba za ka ga wanda aka yi wa rashi ka buɗe baki da wata magana ba sai ka yi masa ta'aziyya, ko shekara ta juyo. Ga shi gudun hijira ya warwatsa dangi, kowa sai a hankali yake jin inda ɗan'uwansa ya faɗa. Duk wanda ya ji Goggo tana Limawa sai ya wanke ƙafa ya zo. Zai same ta tana ɓarar gyaɗarta lafiya lau, tana tambayar ko Hammadu ya dawo daga kasuwa. Sai ya durƙusa ya ce, "Goggo, ya haƙuri? Ashe Hammadu lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa." Sai ta ɗago kai ta ce, "Wa ya rasu?"

Wannan ihun har yau yana kunnena. Uwa ce take jin mutuwar ɗanta karo na farko. Ta yi ta birgima, ta ƙi ci ta ƙi sha har rana ta faɗi. Gari ya waye ta manta, ta koma tambayarsa, jibi wani baƙon ya zo a sake sabon lale. Kai yana mantawa amma jiki ba ya mantawa. Goggo ta fara zubewa, zoben hannunta har faɗuwa yake. Garin neman gira muna shirin rasa ido.

Rifkatu ta ɗauko kujera ta dasa a zaure. Duk wanda ya zo ta ce, "In gaisuwar mutuwa ka kawo, yi mini a nan, ni zan karɓa. In ka shiga ka tambaye shi ya zafi." Da yawa suka ji haushi, amma ba kamar Bappa Sa'adu ba, yayan Goggo ta wajen uba, wanda ya taso takanas daga Alkalawa da babbar riga. Ya ce, "Ke wace ce da za ki hana ni yi wa ƙanwata ta'aziyya? Haƙƙi ne a kaina!" Ta risina ta ce, "Bappa, ka yi haƙuri. Kai sau ɗaya za ka faɗa ka koma gidanka ka ci tuwo. Shi kuma yau yaronsa zai mutu sabo, ni za ka bari da shi." Bappa ya kaɗa riga ya fita, bai zame ko'ina ba sai wurin Modibbo, limamin unguwarmu, ya kai ƙara.

Ni kaina raina bai kwanta ba, don ina tsoron ƙarya. Na sami Rifkatu tana matse zani na faɗa mata. Ta ce, "Wa ya ce ki yi ƙarya? Kar ki ce yana hanya. In ya tambaye ki, ki ce Goggo ba ni labarinsa." Na gwada. Goggo ta washe baki, ta shiga ba ni labarin yadda Hammadu yake satar ƙuli-ƙuli yana ƙarami, da ranar da jaki ya kayar da shi a rafi. Tana labarin tana shan kununta har ta shanye.

Modibbo bai yanke hukunci daga kan buzunsa ba, da ƙafarsa ya zo. Ya zauna a inuwar mangwaro yana kallo, ya gaisa da Goggo da Fulatanci, ya tashi. Bayan sallar la'asar ya ce wa jama'a an sa ta'aziyya ne don ta sanyaya zuciya, in ta zama ita ke ƙona ta, to a tsaya a yi wa mamaci addu'a a bakin ƙofa, lada yana nan. Faston su Rifkatu ma ya faɗa wa nasa mutanen kwatankwacin haka. Bappa Sa'adu ya daɗe yana fushi, amma daga baya ya dawo, ya zauna kusa da ƙanwarsa suna ɓarar gyaɗa, hawaye na bin gemunsa, ita kuwa tana yi masa tsiya wai hayaƙi ne ya shiga idon tsoho.

Sai dai da aka cire ta'aziyya daga bakin mutane, da yawa suka rasa abin da za su zo da shi, ƙafa ta ɗauke. Rifkatu ta bi su gida gida tana raba musu aiki. Mai kitso ta zo ta yi kitso, wanzami ya zo aski, mahauci ya riƙa aiko da ƙashin miya, matan Islamiyya da matan coci suka raba ranakun wanki, masu keke suka san fuskar kowane tsoho. Goggo ta mayar da jikinta. Zumunta a ƙafa take, amma a gidan nan na gane cewa ƙafar ma sai an nuna mata inda za ta taka.

Yau gidan yana nan, 'ya'yanta ba su sayar ba, Allah ya saka musu. Mata biyu da suka yi aiki a ƙarƙashinta ne ke riƙe da shi, kuma in ka kalli idonsu ka san sun gaji. Ni ma gwiwa ta ƙi, abin da nake iya yi yanzu bai fi in zauna in tsinke ganye ba. Waɗanda suka gudo da yawa sun koma garuruwansu, amma tsohon da ya manta sunan garinsu ina zai koma? Rayuwa ta yi tsada, kowa na fama da tukunyarsa, ban ga laifin kowa ba. Mai kitso ta tsufa, 'yarta ba ta gaje ta a wannan ba. Masu zuwa yanzu sai da salla ko Kirsimeti, su sauke buhun shinkafa, a jera tsofaffi a rana a ɗauke su hoto da waya, mota ta tashi. Nakan ce da Rifkatu na nan da ta karɓa ta yi godiya, sannan ta tare ƙofa ta ce, "Shinkafa ba ya hira. Zauna tukuna."

Shekara shida da suka wuce, wata safiya Rifkatu tana shanya ta yanke jiki ta faɗi. Hawan jini ne, ta daɗe da shi tana ɓoye mana. A asibiti ta cika. Ba wanda ya kira taro, amma dukanmu mun san abin da ya wajaba. A tsakar gidana aka yi zaman makoki, Musulmi da Kirista, muna kuka muna toshe baki da gefen mayafi don kada sauti ya tsallaka katanga. A gidanta kuwa aka kunna rediyo, aka shimfiɗa tabarmi kamar kullum. Matar da ta fi kowa cancantar a yi kukanta a unguwar nan, ba a zubar mata da hawaye ko ɗigo a cikin gidanta ba.

Washegari na wanke fuska na shiga da kunu. Goggo ta kama mini zani ta ce, "Ina yarinyar nan mai faɗa, mai yi mini wanka?" Na ce, "Goggo, ba ni labarinta." Ta ce, "Bakinta ba daɗi, amma hannunta ba nauyi. In ta dawo ki ce na ajiye mata ƙanzo." Ta kwance bakin zaninta ta nuna mini. Goggo ta kai damina ta gaba kafin ita ma ta tafi, tana ci tana sha, tana tambayar mutum biyu maimakon ɗaya.

In na auna abin da Rifkatu ta bari, ba gini ba ne, ba kuma suna ba, don yaran unguwa na yanzu ba su ma san ta ba. Ɗabi'a ce 'yar ƙarama. Akwai gidaje a Limawa da in tsohonsu ya ruɗe, za a tare ka a zaure a karɓi gaisuwarka, a raɗa maka abin da ba a faɗa a ciki. Wannan nata ne. Amma ba zan ɓoye maka ba, shekara shida ban gama da tambayar ba. Tsofaffin nan su ta wanke, su ta ciyar, sun fi mu haƙƙin kukanta, mu kuma muka hana su don su rayu. Wata rana in ce mun yi daidai, wata rana in kasa cewa komai.

Kai da ka saurare ni har nan, da kai Goggo ta kama wa riga a wannan safiya, ga ƙanzo a bakin zaninta, me za ka ce mata?