Hanyar Makarantar Lawali

Har yau ban manta da ranar Larabar da na gano inda ƙarfin Lawali yake zurarewa ba. Idan ban yi kuskure ba, cikin watan Oktoba ne, shekarata ta biyu da kama aiki a matsayin malamin wasanni, mataki na takwas na albashi, a wata sakandare da ke bakin gulbi a Gummi.

An aiko mana takarda cewa za a yi gasar iyo tsakanin makarantun Anka, Gummi da Bukkuyum, na ɗaya da na biyu kawai za su wuce matakin jiha. Ga wanda bai san aikin ba, mu ba mu da ginannen wurin iyo. Wani lungun gulbi muke samu inda ruwa ya kwanta, mu ja igiya, mu ɗaura mata jarkoki. Ni kuma in tsaya a gaɓa da usur da agogon waya, gabana yana faɗuwa har sai na ƙirga kawuna sun cika.

Yara shida gare ni, amma Lawali, ɗan shekara sha huɗu daga ƙetaren gulbi, shi ne abin dogarona. Takardun da na taho da su daga jami'a sun ce, a iya fahimtata dai, yaro mai shekarunsa ya yi atisaye sau uku zuwa huɗu a mako, a bar masa sauran ranakun jiki ya huta. Na zaɓi uku, don ba na son ganganci.

Bayan mako uku sauran yara suna ƙara sauri, Lawali yana komawa baya. Yana dafe kafaɗa, yana gyangyaɗi a aji. Na ƙara masa rana ta huɗu, abin ya ƙara lalacewa. Sai shugaban makaranta ya kira ni ofis.

"Malam Bashiru, saura kwana goma sha biyu. In yaron nan ba zai iya ba, cire sunansa ka sa wani."

Na tsare Lawali a bayan aji. "Tsakaninka da Allah, kana iyo a ranakun hutu?"

"Aradu Malam, tun da ka hana ban ƙara ba."

To, a Larabar nan na yi sammako in duba igiyarmu, sai na hangi wani ƙaton masaki yana tahowa daga tsakiyar gulbi, da kan mutum a bayansa. A cikin masakin ga yunifom a ninke, ga littattafai, ga takalmi. Kan kuwa na Lawali ne.

"Lawali! Me nake gani haka?"

"Ina kwana, Malam."

"Ba ka rantse mini ka daina iyo ba?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ruwa na ɗiga a haɓarsa. "Wanga ai ba iyo ba na, Malam. Makaranta nika zuwa."

Na ƙirga da yatsu. Zuwa da komawa, kullum, ban da in Innarsa ta aike shi kasuwa. Sai dariya ta ƙwace mini, har na zauna daɓas a kan yashi. Mako uku ina zargin tsutsar ciki, ina zargin zazzaɓi, ina zargin digirina, ashe yaro yana raba gulbi biyu kafin ya karya kumallo!

Da la'asar na shiga jirgi na ƙetara, ina riƙe da gefensa hannu bibbiyu. Na tarar da Innar Lawali tana ƙyafe kifi, na yi mata bayani, na roƙa a bar shi ya riƙa zuwa makaranta a jirgi.

"Jirgi?" ta ce. "Ɗan masunta zaune cikin jirgi kamab buhun gero? Mutane su ce mi?"

"Inna, 'yan kwanaki ne kacal. Ina ganin, wataƙila, mai yiwuwa dai zai taimaka."

"Kai Malam, magana guda, wataƙila ukku! To shi kenan, kawunai na da jirgi."

Haka aka yi. Na rage atisayen Lawali zuwa sau biyu, mai sauƙi, shi kuma ya riƙa zuwa makaranta a jirgin kawunsa, ya sunkuyar da kai, abokansa na bin jirgin cikin ruwa suna ihu, "Alhaji, a sauka lahiya!"

Ranar gasa, da aka ba su alamar tashi, Lawali sai ka ce kifi ne ya kuɓuce daga taru. Ban san lokacin da na fara gudu a gaɓa ba, ina busa usur ɗin da ba ni aka ce in busa ba, har alƙalin gasa ya biyo ni ya ƙwace shi. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka. Lawali ya taɓa igiya shi ne na ɗaya, ni kuma na rungume shugaban makaranta na ɗaga shi sama, mutumin da ko hannu ba na iya miƙa masa sai na rusuna.

Ban ce takardun jami'a sun yi ƙarya ba. Sau uku zuwa huɗu, a ganina, yana nan daram. Sai dai jikin yaro ba ya karanta jadawali, kuma mutanen gulbi ba sa kiran rayuwarsu atisaye. Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin malamai, kafin ku rubuta wa yaro ranakun horo, ku fara tambayarsa ta ina ya biyo ya zo makaranta.