Miliyan Goma Ba Tara

A unguwar Kwararafa ta Jos in ka ce kana neman Malam Dantong sai a yi ta kallon ka. Ka ce Ba Tara kuwa, yanzu a nuna maka ƙofarsa.

Malamin lissafi ne a firamare, har guguwar korar ma'aikata ta 1975 ta yi awon gaba da shi, ba laifin zaune ba na tsaye. Da wani ne, da ya kama kasuwa. Shi kuwa gogan naka sai ya kama lamba: miliyan goma ba tara. Ya rantse babu lambar da za ta raba ta daidai ba saura, in ba ɗaya ba ko ita kanta. In ya tabbatar da haka, a cewarsa, jami'ar da aka buɗe a Jos dole ta ɗauke shi aiki.

Haka ya duƙufa. Ya raba da uku, saura. Ya raba da bakwai, saura. Alli ya ƙare ya koma gawayi, bangon zaure ya yi baƙi ƙirin. Matarsa Suzana ce ke riƙe da gida da kuɗin gwate, wato faten acca, da take sayarwa a bakin titi. Ba ta san me ake rabawa ba, amma kullum in ta dawo sai ta leƙa.

"Baban Ana, ta rabu?"

"Ba ta rabu ba."

"To, madalla."

Shekaru suka ja, ido ya fara yi masa hazo, har Ana ta bar makaranta tana taya uwarta talla. Abin tausayi, wallahi, don mutumin ba mahaukaci ba ne, lissafinsa ko kuskure babu.

Ran da ya gama, ya goge tsohon kwat ɗinsa, ya taka har jami'a. Wani malami mai suna Alexander ya saurare shi da ladabi, sannan ya miƙe ya ɗauko wani jibgegen littafi da ƙura ta rufe, ya buɗe wajen ƙarshe, ya ɗora yatsa.

"Gaskiyarka, Baba. Ba ta rabuwa. Ga ta nan cikin jerin 'yan'uwanta."

"Yaushe aka buga wannan?"

Alexander ya faɗi shekarar. A lokacin ko auren uwar Dantong ba a yi ba.

"Aiki fa, ɗana?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

Ya dawo a ƙafa. Suzana na hango shi ta saki ludayi, ta taho tana goge hannu a zani.

"Me suka ce? Ta rabu?"

"Ba ta rabu ba."

Sai ta rangaɗa guɗa, ta juya tana kiran maƙwabta su zo su taya ta murna, mijinta ya sami aiki. Dantong ya tsaya a bakin titi da kwat a hannu.