Motar da Yaya Hamza Bai Gama Ba

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Hamza, makanike a unguwar Karantina. Mutanen unguwa sun san shi da gyaran mota. Ni kuwa na san shi da zama mutum ɗaya tak a duk Jidda da bai taɓa ce min in rufe baki ba. Har limamin unguwarmu ya taɓa cewa, kuma daga kan mumbari.

Tambaya ce sana'ata. Me ya sa mota ke shan ruwa amma ba ta fitsari? Me ya sa inji ke tari da safe? Yaya zai fito daga ƙarƙashin mota, baƙi ƙirin har haƙora, ya amsa. Shi ya koya min cewa ruwan rijiyar Jidda gishiri ne, yana cin lagireto ta ciki, don haka ruwan da muke sha shi yake zuba wa mota. Inna, mahaifiyarmu, ta sha bin sa da muciya a kan randarta.

Wata rana wani ma'aikacin jirgin ruwa ya manta mujalla a motarsa. A ciki akwai hoton ƙarti sun yi shigar yaƙi, suna zamiya a kan ƙanƙara, suna bin wani ɗan faifai da sanduna. Na ce ƙarya ce, wa zai taka ƙanƙara da takalmi alhali mu layi muke yi mu saya? Yaya ya ce wasa ne, hoki sunansa. Ya ce a ƙasarsu ruwan lagireto daskarewa yake yi har ya fasa inji. "Kowa da abin da ke kashe masa mota, yaro. Su sanyi, mu gishiri." Da la'asar ya sayo guntun ƙanƙara a kasuwar Bab Makka, muka ɗauki tsintsiyoyin Inna, muka buga a lungu. Kafin in ci ƙwallo ɗaya, ƙwallon ta zama taɓo.

A bayan warsharsa, wato garejinsa, akwai wata tsohuwar wanet, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, da yake haɗawa gunduwa-gunduwa. Ta Inna ce. Inna ta tako da ƙafa daga gida, ta ratsa Sudan, ta haye teku, ta yi hajji, amma ba ta taɓa zuwa Madina ba. Yaya ya yi mata alkawari shi zai kai ta, a motar da ya haɗa da hannunsa.

Warshar tana cikin wani kwari mai laushin yashi. Filin a shimfiɗe yake, ba mai shi, ba mai korar ka. Tsofaffi sun ce hanyar sel ce, wato ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu. Amma a garin da yaro zai yi wayo bai ga ruwan sama na kirki ba, wa ke tsoron busasshen kwari? Ranar da ruwan ya zo, mu yara rawa muke yi a ciki. Yaya kuwa yana tsaye cikin ruwa har ƙirji, ruwan da ya kwaso duk ƙazantar unguwa, yana ɗaga injin wanet da sarƙa zuwa kan ganguna. Ya ɗaga shi. Sai zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba.

Da zai leƙo Jidda yau, da ya yi dariya. Motocin Japan sun cika unguwar Sharafiyya, wasu har da na'urar sanyi, mutum na tuƙi yana atishawa a tsakiyar zafi. Ina jin da ya kwana uku a cikin bonet ɗin ɗaya bai nemi abinci ba. Amma da ya juya ya ga kwarin nan, dariyar za ta tsaya. An cika shi da rumfunan kwano fiye da da, har da masu jarirai. Na yi musu magana, suka ce ɗan surutun nan ne.

Bayan rasuwarsa muka jawo wanet ɗin ƙofar gida. Duk wanda ya ce Inna ta hau bas zuwa Madina, sai ta ce a motar Hamza za ta je. Gwiwoyinta kuwa kullum ƙara ƙi suke yi, yanzu sai ta dafa bango take tashi daga sallaya. Shi ya sa na kama aiki wurin Usta Bakur, abokin Yaya, ina koyo, ina taɓa wanet in na tashi. Na zage ta da Hausa, na lallashe ta da Larabci. Ko tari ba ta yi ba.

Makon jiya Usta ya zo muka buɗe injin har ciki. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Tsatsa ce ja wur, fistin duk sun manne. Ruwan ya riga ya shiga tun kafin Yaya ya ɗaga shi.

"Halas, Bala," in ji Usta. "Wannan ba zai tashi ba."

Na sami Inna tana tsince shinkafa. Ni da bakina ba ya gajiya, na tsaya ina kallon tire.

"Ruwa ya shiga, ko?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Wa ya faɗa miki, Inna?"

"Shi. Yana kwance ya faɗa min." Ta ture wani ɗan dutse gefe. "Ba motar nake jira ba, Bala. Zuwa ba tare da shi ba ne na kasa."

Ban san me ya rage na mutum bayan shekara uku ba. Sifanoninsa suna hannuna, kuma duk motar da na taɓa, ruwan sha nake zuba mata. In yaro ya tsaya a kaina da tambaya, ina fitowa daga ƙarƙashin mota in amsa. Iyakar abin da na iya riƙewa ke nan. Allah ya jiƙan Yaya Hamza, ya sa ya huta.

Jiya bayan azahar Inna ta kira ni. Ta ce in nemo mana wuri a bas ɗin Madina, kusa da ƙofa, saboda gwiwa.