Kunyar Ɗan Fari a Ɗakin Hoton Ƙashi

Malam Haladu ya shekara ashirin da shida yana ɗaukar hoton ƙashi a wani ɗaki marar taga, cikin wani asibiti a Gumel. Siriri ne, yana tafiya kamar mai gudun tayar da jariri. A gaban rigarsa kullum akwai ɗan bajo maƙale, bai kai kwalin ashana ba. Hasken da na'ura ke harbawa don ganin ƙashi ba ya ganuwa, ba ya zafi, amma yana taruwa a kan ma'aikaci kamar yadda raɓa ke jiƙa zane ba a ga saukarta ba. Bajon ne shaida. Duk wata uku akan aika shi birni a auna abin da mai shi ya sha.

Ƙa'idar aikin ita ce ma'aikaci ya laɓe bayan katanga. In yaro ne, wani nasa ya sa rigar dalma mai tare hasken ya riƙe shi, domin shi sau ɗaya hasken zai taɓa shi, ma'aikaci kuwa kullum ne. To amma ƙasarmu tana da kunyar ɗan fari. Uwa za ta taho tun daga ruga, amma ba ta rungumar ɗan farinta a gaban mutane, ko sunansa ba ta kira. Malam Haladu bai iya ganin haka ba. Sai ya ce, "Miƙo shi nan," ya riƙe yaron da kansa, wani ya danna na'ura. Shekaru yana haka.

Wata safiya Mansura, abokiyar aikinsa, sa'ar 'yar cikinsa, ta shigo da takarda.

"Baba, bajonka ya kai ƙararka."

"Ɗan tsegumi! Me ya ce?"

"Awo biyu a jere yana hawa. In ya ƙara, ɗakin yankar kati za su mai da kai."

Ɗakin hoton nan ne duk abin da ya iya a duniya.

"To in rataye shi a ƙusa mana, in zan riƙe yaro."

"Jininka ma a ƙusar za ka rataye?"

Amma bai cire bajon ba.

Kwana uku bayan nan aka kawo yarinya 'yar shekara uku daga wata ruga ta wajen Ɗanzomo, saniya ta take mata hannu. Uwar, Haulatu, da yake 'yar farinta ce, ta tsaya jikin bango, ta ja mayafi, tana kallon ƙasa. Surukinta ne ya rako su, tsoho tukuf da ba zai iya riƙe yaro ba. Yarinyar na ta birgima, tana miƙa lafiyayyen hannun wajen uwa. Ƙafar Malam Haladu ta riga ta taka gaba, sai Mansura ta yi gyaran murya.

Ya tsaya. Ya dubi tsohon.

"Baffa, a huta mana a inuwar darbejiya. Ɗakin nan ba ya son taro."

Da tsohon ya fita, Mansura ta tambayi Haulatu cikin raɗa ko tana da juna biyu. Ta girgiza kai. Aka ɗora mata rigar dalma, nauyinta ya sauke mata kafaɗa. Malam Haladu ya rufe ƙofa.

"'Yata, ƙofar nan dalma ce. Haske ba ya ratsa ta, balle ido. Mu ma bayan katanga za mu shige. Ni kuwa ban da ƙashi ban iya ganin komai ba."

Daga bayan katangar suka ji wata siririyar murya, kamar wadda ta daɗe a rufe cikin ƙwarya.

"Ummulkhairi. Ummulkhairina, yi shiru."

Kukan ya lafa. Ta ɗan gilashin leƙe Malam Haladu ya ga hannun ya kwanta daidai, ya danna. Hoto ya fito tas, tsagewa ce kawai. Duk da haka bai buɗe ƙofar nan take ba. Ya tsaya yana goge tabarau da ba su yi datti ba.

Tun ranar bai sake riƙe yaro ba. Awon da ya biyo baya ya sauka, kuma har yau yana ɗakinsa. Matan ruga kan ce hoton Malam Haladu yana da jinkiri, amma ban taɓa jin wadda ta yi ƙorafi ba.