Ƙahon Wanzami da Ramin Kan Ƙanina

Mun tashi da asuba daga Kwandiko, ni da ƙanina, kansa naɗe da rawanina. Ga waɗanda ba su ji ba, kwana tara kafin nan ya sunkuya zai gyara sarƙar garma, san huɗarsa ya harbe shi a saman kunnen hagu. Wurin ya lotsa kamar kwanon da aka taka.

Bari in faɗi laifina tun yanzu. Ni ne babba a gida, ni na aika aka kira wanzami. Ya aske wurin, ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, wai zai zuƙo ƙashin ya koma mazauninsa. Kwana uku yana zuwa. A lokacin ƙanina garau yake magana, har yana tsokanarsa wai kada ya zuƙe masa ɗan hankalin da ya rage. Ran na bakwai zazzaɓi ya rufe shi, kashegari ya faɗi yana jijjiga, hannun dama ya saki.

Hanyar Gwaram da damina sai wanda ya bi ta. Kowane rami motar ta faɗa, sai in ji a ƙirjina, na riƙe kansa da hannu biyu. Gero ya kai gwiwa, ko'ina shanu ne da garma, na kawar da kai. Direban kuwa ya cika but ɗin motar da kaji, shi ya fi su surutu. A tashar Gwaram na sayi ƙosai mai zafi, ya huce a hannuna ban ci ba. Wata dattijuwa ta leƙo ta ga halin da muke ciki, ta fara kwatanta mini gidan wani mai ɗori a garin Sara. Na ce, "Inna, a yi mana addu'a dai, shawara mun ƙoshi."

Da hantsi duwatsun Birnin Kudu suka bayyana. A asibiti aka ɗauki hoton kan. Likitan, wani mai sanyin murya, ya kwance rawanin ya daɗe yana kallo.

"Malam, wa ya yi masa wannan tsagar?"

Na sunkuyar da kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, da na fi jin sauƙi. Ya ce ƙashin ya karye ne ya nutse, kuma irin wannan idan an zo da wuri ana ɗaga shi, da yawa su koma gonarsu. Tsagar ce ta buɗe wa cuta ƙofa, mugunya ta taru a ciki. Ya rubuta mana takarda zuwa Kano.

A Kano aka yi tiyata. Ƙashin ya riga ya ruɓe, sai cire shi suka yi, suka wanke wurin suka ɗinke fatar. A gadon da ke kusa da namu akwai wani ɗan acaɓa mai rauni iri ɗaya, amma shi ranar da ya faɗi aka kawo shi. Kwana biyar ya tashi zaune yana rigimar a sayo masa tsire. Allah ya yafe mini, na yi masa hassada. Namu ya farka, yana ci, yana takawa da jan ƙafa, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa: "To." Kana jin yunwa? To. Ina ke ciwo? To. Likitoci suka ce wataƙila wani abu ya dawo a hankali, ba su yi alkawari ba. Maganin farfaɗiya kuma kullum ne.

Bayan mako uku muka kamo hanyar gida. Birnin Kudu, Gwaram, ramukan nan dai suna nan. Gero ya fara fitar da kai a gonar kowa, tasa kuwa ciyawa ta cinye. Ya kalle ta ta tagar mota, ban san ko ya gane ta ba.

Innarmu ta tare mu a ƙofar gida. Ta ɗora hannu a wurin, ta ji shi da laushi yana bugawa, ta ce, "Maɗiga ta dawo masa, kamar ran da na haife shi." Ta juya ta shige ɗaki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma ya zo a makare. Kai ba ƙafa ba ne. In ya lotsa, kada a tsaga, kada a gasa, a nufi asibiti a ranar. Wanzami abin da ya gada ya yi, ba na riƙe da shi. Ni ne na aika.

Da la'asar na zauna kusa da ƙanina a kan tabarma, na kama hannunsa da ya mutu, na ce, "Don Allah ka yafe mini."

Ya ce, "To."

Haka ya ce wa akuyar da ta shigo bayan nan.