Rariyar da Na Toshe a Gashuwa

Duk wanda ya zo rumfata a kasuwar Nguru neman shawara a kan sayen gidan haya, abin da nake fara tambayarsa shi ne a wane lokaci ya je ya ga gidan. In ya ce da rani, sai in ce masa bai gan shi ba tukuna, ya koma a tsakiyar damina da takalmin roba. Wasu dariya suke yi, suna ganin tsufa ne ya fara taɓa ni.

Atamfa da shadda nake sayarwa, sana'ar da mahaifina ya taho da ita daga Haɗejiya. Da gwiwa ta fara yi mini ƙara in zan tashi daga tabarma, sai na ce gara in ajiye abin da zai riƙa kawo cefane ko ban fito kasuwa ba. Lokacin Gashuwa ta cika da ma'aikata da ɗalibai, ɗaki ya yi wuya. Wani dillali ya kai ni wani gida a unguwar da ta gangara wajen kogi, a tsakiyar bazara, ƙasa ta bushe ƙamas. Ginin bulo ne, ɗaki huɗu da rijiya. Na ƙwanƙwasa bango, na leƙa rufi, na tabbatar da takardu a gaban mai unguwa, na ji har cikin raina cewa babu mai wayona a Yobe.

A bayan ɗakin ƙarshe akwai wani fili da mai gidan na da ya bari ba gini. A gindin katangar gabas akwai rariya mai faɗi, wadda akuya za ta iya wucewa ta ciki, ga wata irinta a katangar yamma. Ni idona idon ɗan kasuwa ne, ba ya son ganin wuri ba kaya. Nan take na ga ɗaki na biyar a tsaye, har da mai haya a ciki.

Na ɗauko magini daga Nguru, wai don na san shi kuma ba zai cuce ni a siminti ba. Wannan ma kuskure ne, domin maginin gari shi ya san halin ƙasar garinsu. Ranar da muke haƙa harsashi, maƙwabcina na gabas ya leƙo. Dattijo ne masunci, mutumin Bade, gidansa na jar ƙasa, daga shi sai matarsa wadda ƙafafu suka daina ɗauka shekara da shekaru. Muka gaisa, ya tsaya yana kallon rariyar.

Ya ce, "Alhaji, nan fa ruwa ne yake bi."

Na ce, "Baba, kada ka damu, fayif za mu sa masa a ƙarƙashi."

Ya dubi fayif ɗin, wanda bai wuce kaurin damtsena ba, ya ce Allah ya sa albarka, ya koma gida. Mu a kasuwa, maganar farko tayi ce kawai. In mutum da gaske yake, zai sake faɗa, ya ɗaga murya, ya tafi ya dawo. Shi kuwa sau ɗaya ya faɗa, a hankali, don haka na ɗauka surutun tsofaffi ne. Ban san cewa irinsu in sun faɗa sau ɗaya sun gama ba. Ban kuma san cewa ruwan gida biyar na lungun nan daga wannan gida yake shiga wancan, rariya zuwa rariya, har ya faɗa kwarin da ke kai shi kogi ba. Ba a rubuta shi a takardar kowa ba, kowa dai ya taso ya tarar ba a toshe wa maƙwabci.

Ɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wani malamin makaranta sabon ango ya kama shi, aka jera wa amaryarsa kaya har bakin ƙofa.

Ran wata Talata a tsakiyar damina, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Ma'aikacin asibitin da ke haya a ɗakin farko ne. Ya ce tun asuba ake ruwa, fayif ya toshe, ruwan lungu duk ya taru a gidan Baba, in zo yanzu. Na ce su zura sanda mana. Ya ce, "Alhaji, ka dai zo." Na rufe rumfa na nufi tasha, muka zauna jiran mota ta cika, ina ta duban sama. A ranar na gane cewa gidan hayar da sai ka hau mota kafin ka gan shi rabinsa ba naka ba ne.

Ban isa ba sai wajen azahar, ruwan bai tsaya ba. Na naɗe wando na shiga gidan Baba. Ruwa ya kai gwiwa a tsakar gidan, jawur, yana juyawa a jikin bangon sabon ɗakina ya rasa hanya. Baba yana tsaye a ciki, rigarsa ta manne a jikinsa. Tsohuwar tana ɗaki a kan gado, ruwa ya fara haura dokin ƙofa. Gindin bangon ɗakinsu ya yi baƙi kamar kamu biyu daga ƙasa.

Mai unguwa ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, babu wata dabara sai a fasa ɗakin nan, gabas da yamma, ruwa ya wuce. Kai muke jira, ba ma taɓa ginin mutum ba ya nan."

Ga diga a hannun mutane, ga ango ya riga ya fara kwashe kayan amarya zuwa ɗakin maƙwabcinsa. Kalma ɗaya ake jira daga bakina. Ni kuwa sai na shiga ciniki. Na ce a fara gwada rodi a fayif ɗin. Aka kawo rodi, aka yi ta zunguri, leda da yashi suka fito kaɗan, ruwa bai ko motsa ba. Na ce a nemo injin ban ruwa wajen masu noman shinkafa. Aka tafi nema. Ina ganin mutane suna kallon juna, na yi kamar ban gani ba. Ina jin tsoro ƙwarai, amma ina kuma ganin bulon nan da fentin nan, ina cewa a raina wataƙila ruwan ya tsagaita. Baba kuwa yana nan tsaye cikin ruwan yana jira. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ma'aikacin asibitin ya shiga ɗakin tsohuwar ya fito da sauri. Ya ce bango ya fara zubo da ƙasa ta ciki, a fitar da ita yanzu. Suka ɓalle ƙyauren ƙofa suka ɗora ta a kai, mutum huɗu, aka lulluɓa mata tabarma. Matar da ta yi shekaru ba ta leƙa ƙofar gida ba, aka bi da ita ta lungu cikin ruwa a gaban maza. Da suka zo daidai inda nake, ta ɗaga tabarmar ta dube ni, sannan ta mayar.

Sai a lokacin na ce a fasa ɗakin. Na karɓi diga da kaina. Simintin da na yi ta alfahari da shi ya ƙi ba da kai, muka yi ta sara muna karɓa-karɓa. Mun huda bangon gabas, muna kan na yamma, sai muka ji wani ƙara mai nauyi a bayanmu. Ɗakin Baba ne ya zauna. Rufin ya bi shi, sannan katangar zaure. Jim kaɗan bangon yamma ya buɗe, ruwan ya ratsa ɗakina ya wuce, kafin magariba tsakar gidan ta koma taɓo. Abin da bai wuce in yanke shi cikin minti kaɗan ba, na ci fiye da awa biyu a kansa.

'Yan'uwan tsohuwar suka zo daga ƙauyen Dagona suka tafi da su. Na aika wa Baba ta bakin mai unguwa cewa da zarar ruwa ya ɗauke zan gina masa ɗakin da bulo. Amsar da ta dawo ita ce ya gode. Na rushe ragowar ɗakin nan nawa, ango ya nemi wani wuri ya tashi.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, na ɗaga kai sai ga Baba a bakin rumfata. Ya rame. Na shimfiɗa masa darduma, na sa aka kawo ruwa, na tambayi mai jiki.

Ya ce, "Ta riga mu gidan gaskiya, yau kwana arba'in da 'yan kai. Sanyi ne ya kama ƙirjinta. Kwana ne ya ƙare."

Na yi masa ta'aziyya. Na sake kawo maganar ginin, na ce ko gobe ne a fara.

Ya ce, "Alhaji, wa zan gina wa? Dagona zan zauna wajen 'ya'yan ƙanena. Filin zan sayar. Akwai wanda ya taya, amma na ce ya dakata. Kai ne maƙwabci, in na sayar wa wani ban fara yi maka tayi ba, ban kyauta maka ba."

Motar haya ya biya tun daga Dagona don ya faɗa mini wannan. Yana zaune yana jiran amsata, hannunsa a kan gwiwa, ga wata mata a gefe tana ta tambayata kuɗin turmin atamfa, ni kuwa na kasa ɗaga ido in dubi ko ɗayansu.