Mu'allim Salihu da Tiyon Karafan Ɗina

Kullum da an idar da sallar asuba, Mu'allim Salihu Mailafiya yakan ɗaga ƙyauren shagonsa a unguwar Ka'akiyya, ya zazzage gwangwanin washa, 'yan zobban toshe yoyon famfo, a kan buhu, ya zauna yana tsince su kamar mai tsintar shinkafa. Shekara talatin da huɗu yana aikin famfo a Makka. Watan gobe zai huta, gwiwa ta gaji. Shi ya sa na ce sai na rubuta godiyata gare shi.

Ni mutum ne mai fargaba, 'ya'yana shaida ne. Bara na sayi tsohon karafan, ɗakin nan da ake ja da mota, don in kai iyali Ɗa'if lokacin zafi. Babban burina in tafi da mahaifiyata, Hajiya Kabira, wadda shekara tara ba ta bar unguwarmu Hindawiyya ba sai zuwa Harami ko asibiti. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: "In babu ruwan tsarki da na alwala yadda nake so, ba zan shiga akwatin nan ba."

Karafan ɗin ɗan Amurka ne, bakin famfonsa bai yi daidai da tiyon kasuwarmu ba. Sai na yi yadda na ga Babana yana yi: na yanko robar tayar keke, na naɗe, na ƙulle tamau. Ranar gwaji na sa mai tankar ruwa ya haɗa da injinsa kai tsaye, Hajiya na tsaye da sandarta. Robar ba ta kwance ba, wannan kam a yaba mini. Bututun ciki ne ya fashe. Ruwa ya fito ta ƙofa ɗauke da silifas ɗina.

'Yata Arwa ta ce, "Mabruk ya Baba, ka sayo mana wurin iyo."

Hajiya ta ce, "Mahadi, mayar da ni gida."

Maƙwabcina mai suna Turki ne ya kai ni wurin Mu'allim. Ya ce Mu'allim ne ya taɓa bin sa har Hada, kan hanyar Ɗa'if, ranar salla, ya gyara masa tanki, ko shayi bai tsaya sha ba.

Mu'allim ya daɗe yana kallon robar. "Abu Arwa, wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne."

"Ƙulli ya yi kyau wallahi. Da akuya ce, da ba ta tsere ba. Tiyo nawa gare ka?"

"Ɗaya."

"Da shi za a cika ruwan sha, da shi za a wanke tankin bayi?"

Na ce e, da shi.

"To, kada Hajiya ta ji."

Ya sa mahaɗi na tagulla mai shiga da latsawa ɗaya, da ƙarfen rage ƙarfin ruwa. Farin tiyo na sha, baƙi na wanki, kowanne da akwatinsa. Ya ce in riƙa zubar da ruwan farko, don tiyon da ya sha ranar Makka yana iya dafa ƙwai. Na ce shi ke nan? Ya ce saura babban aikin.

Mu'allim, kai ne ka hau benenmu hawa uku da wannan gwiwar, ka yi sallama, ka auna kujerar alwalar Hajiya da tif ɗin awo. Kai ne ka fito da famfo a gefen karafan daidai tsayin hannunta in ta zauna, ka sa na tsarki a inda ba sai ta juya ba. Da ta ce ba ta yarda da akwatin ba har yanzu, ka ce, "Hajiya, ki gwada alwala ɗaya. In bai yi ba, da hannuna zan kwance."

Ta gwada. Ta ce, "Ba laifi." Ni da na yi shekara hamsin ina neman wannan kalmar a bakinta, na san abin da aka ba ka.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a Shafa, kan duwatsun Ɗa'if. Duk bayan awa ina leƙa ƙarƙashin karafan, ƙasa a bushe. Ranar dawowa Hajiya tana zaune a inuwa, ƙafafunta sharkaf, ta ce, "Ku dai ku koma, ku bar mini famfona."

Na gode, gwanin Ka'akiyya. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya shayar da kai daga Alkausara. Ku kuma masu tasowa a sana'ar, kafin ku ɗaure noti, ku je ku ga wanda zai buɗe famfon.